Alade, tarwaɗa da naman Sallah: yadda za ki bi tambayar abinci a Littafi Mai Tsarki

Idan ke ce ke jagorantar nazari a zumuntar mata, ko kina koyar da ajin baftisma, ko ba daɗe ko ba jima tambayar nan za ta iske ki. Wata maƙwabcinta ɗan Adventist ne, ɗarikar Kirista masu kiyaye ranar Asabar, ya buɗe mata Littafin Firistoci sura 11, ya ɗora yatsa a kan aya ta 7. Wata abokiyar sana'arta Musulma ce ta ce mata, "To ai ku ma littafinku ya hana alade, me ya sa kuke ci?" Wata kuwa naman layya aka aiko mata da shi ranar Babbar Sallah, ta rufe shi a kwano ta rasa yadda za ta yi da shi. Dukansu abu ɗaya suke son sani: dokar abinci da Allah ya ba Musa tana kanmu har yau, ko an sauke mana ita?

Abin da na gaskata shi ne ba ta kanmu. Amma kada ki faɗi haka a jimla ɗaya ki wuce. Wadda aka nuna wa aya da yatsa hankalinta ba zai kwanta ba sai ta ga sauran ayoyin da idonta. Ga yadda nake bi da mata a ikkilisiyarmu, kuma yakan ci mana zama fiye da ɗaya.

Ki fara da karanta surar dukanta da babbar murya, kada a tsallake komai. Ki sa kowa ta buɗe Littafin Firistoci 11, a yi ta karɓa-karɓa daga aya ta 1 har ta 47, ki kuma ce kowace ta riƙa tuna abin da ta dafa a gidanta cikin watan nan. Dabbar tudu sai ta haɗa abu biyu kafin a ci ta, rababben kofato da tuƙa. Saniya, tunkiya da akuya sun shiga. Alade yana da rababben kofato amma ba ya tuƙa, saboda haka ya fita. Sai dai kafin a kai ga alade an riga an ambaci raƙumi a aya ta 4, rema a ta 5, zomo a ta 6. Raƙumin da ake yankawa a Kano da zomon da yaranmu ke kiwo a bayan ɗaki, a sahu ɗaya suke da alade. Na cikin ruwa kuma sai mai ƙege da kamɓori. Karfasa ta shiga, tarwaɗa ba ta shiga ba, domin jikinta sumul yake. Ki dakata a nan kaɗan ki bar maganar ta zauna, don ba na jin akwai gida a cikinmu da ba a taɓa yin farfesun tarwaɗa ba, kuma bandar da ake kawowa daga Baga muna sakawa a miyar kuka, da yawanta tarwaɗa ce. Ƙaguwa da katantanwa su ma sun fita. Aya ta 27 ta hana duk mai tafiya a kan dagi, kare da kyanwa ke nan. Aya ta 29 da ta 30 sun ɗebe dangin ɓera da na ƙadangare, sai ki tuna gafiya da damo. Cikin ƙwari masu fiffike, fara da danginta aka yarda a ci. Soyayyar farar da ake sayarwa da yaji a Maiduguri ta halatta ko a shari'ar Musa, ita ce ma abincin Yahaya Maibaftisma tare da zuma a jeji. Shinge kuwa, garar nan mai fiffike da yara ke tarawa a gindin fitila da farkon damina, bai halatta ba.

Surar ba ta tsaya a kan abin da ake ci ba. Idan mataccen ɓera ko ƙadangare ya faɗa a tukunyar ƙasa, aya ta 33 ta ce a fasa tukunyar. Idan a kan murhu ko tanderu ya faɗa, aya ta 35 ta ce a rushe shi. Wanda ya taɓa mushen ya ƙazantu har maraice.

Dalilin da nake farawa da wannan karatu shi ne a yi gaskiya tun daga tushe. Duk wadda za ta ce dokar tana kanmu, sai ta ɗauke ta gaba ɗayanta, da tarwaɗar da tukunyar. Ba a ba mu izinin tsince alade mu bar sauran ba. Kada ki yi amfani da wannan ki kunyata kowa a gaban jama'a. Ki bari kowa ta ga girman abin da ake magana a kai.

Daga nan sai ki yi tambaya biyu: wa aka ba dokar, kuma don me? Aya ta 2 ta ce a faɗa wa Isra'ilawa. Aya ta 45 ta kafa dalili da fitar da su daga ƙasar Masar, su zama masu tsarki domin Allahnsu mai tsarki ne. Amma wurin da ya fi fito da dalilin fili shi ne Littafin Firistoci 20:24-26. Ki karanta shi a hankali, ko sau biyu ne. Allah ya ce shi ne ya ware su daga sauran al'ummai, saboda haka su ma su ware dabba mai tsarki daga marar tsarki. Rarrabe dabbobi da rarrabe mutane a ɗaure suke da igiya ɗaya. Duk lokacin da Ba'isra'ile ya zauna cin abinci, akushinsa na tuna masa shi keɓaɓɓe ne. Ki ce wa mata su riƙe wannan aya, za a dawo gare ta idan an kai labarin Bitrus a gidan Karniliyus.

Sai ki buɗe Maimaitawar Shari'a 14:21. An hana Ba'isra'ile cin mushe, amma an ce yana iya ba baƙon da ke zaune a garinsa ya ci, ko ya sayar wa bare. Ki tambayi mata ko akwai inda aka ce kada Ba'isra'ile ya yi sata ko zina amma baƙo yana iya yi. Babu. Wannan ya nuna dokar abinci iri dabam ce da dokar da ta hana kisa da shaidar zur. Annabi Amos, a sura 1 da farkon ta 2, ya jero hukunci a kan Dimashƙu, Gaza, Taya, Edom, Ammon da Mowab. Zalunci da rashin tausayi da sayar da mutane aka tuhume su da shi. Ko ɗaya ba a tuhume ta da cin alade ba.

'Yan'uwanmu na Adventist suna da hujja a nan, kuma ya kamata ki faɗe ta da adalci kamar yadda su kansu za su faɗa. Sun ce rarrabewar ta girmi Musa, domin a Farawa 7:2 an umarci Nuhu ya shigar da dabbobi masu tsarki bakwai-bakwai, marasa tsarki biyu-biyu. Gaskiya ne. Sai ki ci gaba da karatu. A 8:20 Nuhu ya ɗebi masu tsarkin ya miƙa hadaya da su, a nan aka ga amfanin rarrabewar. A 9:3 kuma, da aka zo maganar ci, Allah ya ba shi duk abin da ke motsi mai rai ya zama abinci, kamar yadda ya ba da ganyaye tun a Farawa 1:29. Abu ɗaya aka hana a aya ta 4, nama da jininsa a ciki. Ke nan umarnin abinci ya taɓa sauyawa daga Adamu zuwa Nuhu, ya kuma sauya daga Nuhu zuwa Musa. Wanda ya ba da shi yana da ikon sauya shi.

Za ki ji ana cewa don lafiya aka ba da dokar. Ni ba na kafa koyarwa a kan wannan, domin surar ba ta ambaci ciwo a matsayin dalili ba ko sau ɗaya. Alade na iya sa wa mutum tsila, amma naman sa ma yana sawa idan bai dahu ba, ɗanyen nonon saniya kuma na iya ɗauke da tarin fuka, saniya kuwa mai tsarki ce a dokar. In da lafiya ce dalilin, da ba a ce a miƙa wa baƙo mushe ba.

Kafin ki ƙetara zuwa Sabon Alkawari, ki tsaya ki girmama dokar. Kada mata su tashi da tunanin cewa wani abin banza ne aka kawar. Daniyel da abokansa sun zaɓi ganye da ruwa a fadar Babila don kada su ƙazantar da kansu. Wajen shekara ta 167 kafin haihuwar Almasihu, sarki Antiyokus ya tilasta wa Yahudawa cin alade, waɗansu suka zaɓi mutuwa. Labarin tsoho Ele'azara, da na wata uwa da 'ya'yanta bakwai, yana cikin littafin Makabiyawa na biyu sura 6 da 7, wanda 'yan'uwanmu Katolika ke da shi a cikin Littafi Mai Tsarkinsu. An zubar da jini a kan wannan doka. In ba ki san haka ba, ba za ki gane abin da ya sa ta yi wa Bitrus nauyi haka ba.

A Sabon Alkawari ki bi da tsari, kada ki yi tsalle zuwa ayar da ta fi yi miki daɗi. Markus 7 ce farko. Yesu ya ce ba abin da ke shiga mutum daga waje da zai ƙazantar da shi, domin ciki yake shiga ba zuciya ba, abin da ke fitowa daga zuciya shi ke ƙazantarwa. Markus ya ƙara da nasa bayanin a ƙarshen aya ta 19, cewa ta haka Yesu ya tsarkake kowane irin abinci. Wata za ta ce ai gardamar a kan wanke hannu ta faro, Matiyu 15:20 ma da wanke hannu ta rufe. Ki yarda da ita, haka ne. Sai ki nuna mata cewa amsar da Yesu ya bayar ta fi tambayar da aka yi masa fāɗi. Almajiran kansu ba su gane ta a ranar ba, shi ya sa suka sake tambayarsa a cikin gida.

Shaidar cewa ba su gane ba tana Ayyukan Manzanni 10. Bitrus yana Yafa a gidan Saminu majemi, ya hau soro yin addu'a da tsakar rana, yunwa ta kama shi. Ya ga an sauko da wani abu kamar babban mayafi cike da dabbobi da masu jan ciki da tsuntsaye, aka ce ya yanka ya ci. Ya ce faufau, bai taɓa cin abu marar tsarki ba. Aka amsa masa kada ya kira abin da Allah ya tsarkake marar tsarki. Sau uku aka yi haka. Nan ma akwai mai ce miki wahayin a kan mutane yake, domin a aya ta 28 Bitrus da bakinsa ya ce Allah ya nuna masa kada ya kira kowane mutum marar tsarki. Wannan ma gaskiya ne, kada ki musa. Yanzu ne za ki koma Littafin Firistoci 20. Tun da rarrabe dabbobi alama ce ta rarrabe Isra'ila da al'ummai, ranar da Allah ya buɗe wa al'ummai ƙofa, alamar ta gama aikinta. Ki duba abin da ya biyo baya. Bitrus ya tafi Kaisariya, ya kwana 'yan kwanaki a gidan Karniliyus, hafsan sojan Roma. Da ya koma Urushalima, ƙarar da aka kai shi a 11:3 ita ce ya shiga gidan marasa kaciya har ya ci abinci tare da su. Su masu ƙarar sun san maganar ta kai ga akushi.

Sura ta 15 ita ce ta fi kusa da tambayarmu, domin mu ma al'ummai ne. Wajen shekara ta 49, manzanni da dattawa suka taru a Urushalima a kan ko dole ne a yi wa al'ummai kaciya a kuma umarce su su kiyaye shari'ar Musa. Bitrus ya kira ta karkiyar da su da kakanninsu ba su iya ɗauka ba. Yakubu ya ba da shawara, aka rubuta wasiƙa, aka ce ba za a ɗora musu wani nauyi ba sai abu huɗu: su guji abin da aka miƙa wa gumaka, da jini, da abin da aka maƙure, da fasikanci. Ki sa mata su nemi alade, raƙumi ko kifi marar kamɓori a cikin wasiƙar. Ba za su samu ba. In da ana son a ɗora mana su, nan ne wurin faɗa.

Wasiƙun Bulus ba sa bukatar dogon bayani. A Romawa 14:14, Bayahuden da ya tashi a Bafarisiye ya ce ya tabbata a cikin Ubangiji Yesu ba abin da ke marar tsarki a kan kansa. Kolosiyawa 2:16-17 ta ce kada kowa ya hukunta mu a kan ci da sha, waɗannan inuwa ce, ainihin kuwa Almasihu ne. 1 Timoti 4:4-5 ta ce duk abin da Allah ya halitta mai kyau ne idan an karɓa da godiya. A Galatiyawa 2, da Bitrus ya janye daga cin abinci da al'ummai a Antakiya don tsoron mutanen da suka zo daga Urushalima, Bulus ya tsawata masa a gaban kowa, ya ɗauki abin a matsayin kauce wa gaskiyar bishara.

Saura Matiyu 5:17, inda Yesu ya ce bai zo ya rushe Attaura ba, sai dai ya cika ta. Ki tambaya ko akwai wadda ta taɓa jawo akuya zuwa majami'a don hadayar zunubi. Ba mu yi, ba kuwa don mun raina Littafin Firistoci ba, sai don abin da hadayar ke nunawa ya riga ya zo. Ibraniyawa 9:10 ta sa dokokin ci da sha da wanke-wanke a wannan rukuni, ta ce an kafa su ne har zuwa lokacin sabon tsari. Nakan kwatanta wa mata da dangar ƙaya da ake yi wa dashen mangwaro don kada awaki su cinye shi. Wanda ya cire dangar bayan bishiya ta girma bai ce mai kafa ta ya yi kuskure ba. Yawancin ikkilisiyoyi a nan suka tsaya. Anglikan, alal misali, sun rubuta a sharaɗi na 7 cikin sharuɗɗan bangaskiyarsu 39 na shekarar 1571 cewa dokokin Musa na ibada da al'adu ba su ɗaure Kirista ba, amma ba Kiristan da ya kuɓuta daga dokokin ɗabi'a. Adventist da Otodoks na ƙasar Habasha ba sa cin alade har yau, kuma 'yan'uwa ne.

Maganar jini da abin da aka maƙure ta fi wuya, kada ki yi kamar mai sauƙi ce. Hanin jini ya fara tun daga Nuhu, Littafin Firistoci 17:10 ya haɗa har da baƙo a cikinsa, manzanni kuma suka maimaita shi. Kiristocin farko sun riƙe shi da ƙarfi. Tatuliyan, marubucin Kirista na birnin Kartaj, ya rubuta wajen shekara ta 197 cewa masu tsananta wa Kirista sukan gwada su da abincin da aka yi da jini, don sun san ba za su ci ba. Wajen shekara ta 400, Agustin bishop na Hippo ya ce a zamaninsa an daina damuwa da maganar maƙurarre. Majalisar ikkilisiya da ta zauna a Konstantinoful a 692 ta sake hana cin jini, ta Fulorans kuma a 1442 ta ce hanin na lokacin da Yahudawa da al'ummai ke koyon zama tare ne. Ke nan masu tsoron Allah sun rabu a kan wannan tun dā. Ni ba na cin jini, ba na kuma dafa kazar da ba a yanka an tsiyaye ta ba, haka nake koya wa 'ya'yana. Amma ba na kiran wanda ya fahimci nassin dabam mai zunubi.

Idan kin kai nan, rabin aikin kika yi. Rabin da ya rage a madafa yake da ƙofar gida, kuma shi ne ya fi damuna, domin na ga mata sun fita daga nazari da murnar 'yanci suka je suka ɓata zumuncin da aka yi shekaru ana ginawa. Ki koma Romawa 14 ki karanta ta dukanta. Bulus ɗin da ya ce ba abin da ke marar tsarki, shi ne ya ce a aya ta 3 kada mai ci ya raina wanda ba ya ci, kada kuma wanda ba ya ci ya hukunta mai ci. A aya ta 15 ya ce kada abincinki ya hallaka wanda Almasihu ya mutu dominsa. A 1 Korantiyawa 8:13 ya ce in nama zai sa ɗan'uwansa tuntuɓe, ya haƙura da nama har abada.

Naman kasuwa ba shi da matsala. 1 Korantiyawa 10:25 ta ce ki ci abin da ake sayarwa a mahauta ba tare da bincike ba. Ki sayi namanki wurin mahaucin da kika saba, ki yi addu'ar godiya, ki ci.

Yankan tsafi dabam ne. Idan kin je ƙauye jana'iza ko biki aka ce miki wannan akuya an yanka ta ne a wurin tsafi, ko don kakanni, ko don iskoki, kada ki ci. 1 Korantiyawa 10:28 ta faɗi haka kai tsaye, Wahayin Yahaya 2:14 da 2:20 kuma sun tsawata wa ikkilisiyoyin da suka yi sakaci da shi. Ki ƙi da ladabi. Ki gaida manya yadda ya dace, ki ce, "Baba, ku yi mini haƙuri, wannan kam ba zan iya ba," ki ci tuwon da miyar da ba a sa naman a ciki ba, ki taya aiki. Kada ki yi wa'azi a kan tabarmar makoki.

Naman Sallah ne aka fi tambayata a kai. Ni ina karɓa, ina godiya, ina ci. Maƙwabcina ba ga gunki ya yanka ragonsa ba, da sunan Allah ya yanka yana tunawa da Ibrahim, ya kuma aiko mini ne don zumunci. Na dogara ga 1 Korantiyawa 10:27, inda aka ce idan wanda ba ya bin bangaskiyarmu ya gayyace mu, mu ci abin da aka sa a gabanmu. Na san akwai fastoci da dattawa masu tsoron Allah da suke ganin tun da yankan ibada ne gara a bari. Wadda lamirinta bai kwanta ba kada ta ci, domin Romawa 14:23 ta ce mai ci da shakka ya yi laifi. Abin da nake roƙo shi ne kada a mayar da kwano da naman a ciki, kada kuma a zubar da shi inda yaran gidan da suka aiko za su gani. Ki karɓa da hannu biyu, ki yi musu barka da Sallah, ki ba wanda zai ci.

In Kirsimeti ta zo, ki rama. Gidaje da yawa a cikinmu sukan kira maƙwabci Musulmi ya yanka akuya ko kajin, don kowa a unguwa ya ci hankali kwance. Wannan al'ada ce mai kyau, ban ga inda ta taɓa bangaskiyarmu ba. Idan gidanki ana cin alade ko kare, ki ware musu tukunya da wuƙa da ludayi, kada su haɗu da waɗanda kike dafa abincin baƙi da su. Kada ki taɓa ba Musulmi ko ɗan Adventist abin da kika san ba ya ci ki ɓoye masa. Cin amana ne, kuma ranar da ya gane, ba ke kaɗai zai daina yarda da ita ba. In an tambaye ki me ke cikin miya, ki faɗi gaskiya. A taron ikkilisiya kuwa, ko babban taron zumunta inda ake haɗuwa daga ƙabilu dabam-dabam, ki dafa abin da kowa zai iya sa hannu, naman sa, akuya, kaza ko wake.

Akwai abu ɗaya da nake so ki tsaya a kansa da ƙarfi. Wanda ya fito daga gidan Musulmi ya karɓi Almasihu, ko wanda ya taso a gidan da ba a cin alade, kada a gwada bangaskiyarsa da nama. Na taɓa jin matasa suna ce wa irin wannan ɗan'uwa sai ya ci alade za a san ya tuba da gaske. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da ya rasa dangi da gādo saboda sunan Yesu ba ya bukatar ya tabbatar wa kowa komai da cikinsa. 1 Korantiyawa 8:8 ta ce abinci ba ya kai mu kusa da Allah, in mun ci ba mu ƙaru ba, in ba mu ci ba ba mu ragu ba. Idan ya rayu har tsufa bai ɗanɗana ba, cikakken Kirista ne. Sau da yawa ma ƙin cin nasa shi ke barin ƙofar gidan iyayensa a buɗe, har mahaifiyarsa ta iya cin abincin da matarsa ta dafa. In kin ji ana yi wa wani irin wannan gori, ki kira masu yi gefe ki yi musu magana, in ba su ji ba ki kai wa dattawa.

Haka kuma wadda ta zaɓi ta bar alade ko tarwaɗa don lafiyarta, ko don ƙyama, ko don haka ta taso, ki bar ta. Inda za ki ja mata kunne shi ne ranar da ta fara koya wa waɗansu cewa ceto ko tsarki yana rataye a kan haka.

Ki rufe nazarin da maganar tsabta, domin halattar abu ba ta kashe cutar da ke cikinsa. Naman alade a dafa shi har ya dahu ciki da waje, kada a bar ja a tsakiya. In kin ga fararen ƙwayoyi a cikin tsokar, kada ki saya, 'ya'yan tsila ne, an fi kuma samunsu a aladun da ake sake wa suna yawo a inda ba masai. Dabbar da ta mutu da kanta a binne ta, ba ki san ciwon da ya kashe ta ba, ko da maigida yana jin zafin asarar. Ɓera kuma shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, saboda haka ki hana yara kama shi da gasa shi lokacin ƙunar daji, ki kuma riƙa rufe hatsi da garin da kika shanya.